Ɗoɗɗoyar Gwaggo Dije

Jikana Hamza ne ya tayar da wannan magana. Ya shigo shagona a unguwar Mansur, nan Makka, da abokansa biyu, suna hirar makarantar da za su shiga, irin 'yar kwalejin nan ta shekara biyu da ke kusa da gida, inda ake koyon sana'a a ba mutum shahada, wato takardar shaidar gama karatu. Rabin hirar da Larabci suke yi, don Hausarsu ba ta isa ta sayo gishiri ba, amma na tsinci abin da nake so. Wai makarantar waɗanda jami'a ta ƙi ce. Wai mutum zai riƙe aikinsa na shago, ya leƙa aji ranar da ya ga dama, bayan shekara biyu a miƙo masa takarda. Na ce da shi ya jawo kujera, rago kawai, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Ni na yi irin wannan makaranta tun ubansa bai zo duniya ba, kuma saura ƙiris ta raba ni da abincina. Abin da na gaya musu ne nake rubutawa a nan, don na lura kunnen Hamza ɗaya ne kawai yake wurina.

Ni, Isa, ɗan garuwa ne tun asali. Mahaifina ya taso da mu daga ƙasar Kano a ƙafa, muka yi shekaru a Sudan yana tsintar auduga, sannan muka tsallako teku muka sauka a unguwar Tandabawi cikin 'yan'uwa. Ina da shekara goma sha bakwai na ɗauki sanda. Kayan aikin ba su da yawa: sandar gora mai lanƙwasa, igiya biyu, garwar kananzir biyu da aka wanke aka kafa musu katako a baki, da wata 'yar fata mai kauri da ake ɗorawa a kafaɗa kada sanda ta ci nama. Garwa biyun nan a cike su ake kira zafa ɗaya. Ruwan kuma a bazan ake ɗiba, wato babbar rijiyar unguwa, wadda ruwa ke kwararowa cikinta ta ƙarƙashin ƙasa daga bayan gari. Gidajen Makka kuwa a jikin duwatsu suke, wani a kan wani. Wanda bai taɓa hawa matakala da ruwa yana rawa a kafaɗarsa ba ya ɗauka ƙarfi ne kawai. Akwai tafiyar da ake yi, ƙafa da sanda su daidaita, har ka kai ƙololuwa ba ka zubar da cikin moɗa ba.

Kowane bazan da shehunsa. Namu Baba Tanko ne, tsoho siriri wanda kafaɗarsa ta dama ta lotsa saboda shekara arba'in na sanda. Shi ke raba gidaje, shi ke tsara layi, shi ne alƙali. Babbar dokarsa ita ce ta ido. Ɗan garuwa shi kaɗai ne baƙon namiji da ke shiga kowane gida, saboda haka in ka je ƙofa sai ka yi sallama ka ce a ba da hanya, mata su kauce, ka shiga idonka a ƙasa. Ka juye ruwan a bakin hanafiya, wato ma'ajiyar ruwan da ake ginawa a jikin bango da famfon tagulla a ƙasanta, ka juya ka fita. Ba ka ɗaga kai, ba ka tambayar me gida ke yi da ruwansa, ba ka faɗin abin da ka ji. In wani gida ya kawo ƙararka, sai a yi da'ira da hantsi, a shimfiɗa buzu a tsakiya, a karanta Fatiha, a yanke hukunci. Ƙaramin laifi bulala ce. Babban laifi a karɓe sanda, kuma wanda aka karɓe wa sanda a bazan ɗaya babu bazan da zai karɓe shi a Makka. Ƙofar tsira ɗaya ce. In wanda ya kawo ƙarar ya jefa ɗanyen ganye a tsakiyar da'ira, ko da ganyen albasa ne, ya yafe ke nan, hukunci ya faɗi.

Kai ruwa ne ya kai ni makarantar. Wannan bayan babban yaƙin duniya ne da 'yan shekaru, lokacin da motoci suka fara korar raƙuma daga hanyar Jidda. An ba ni wani sabon gida a bayan Mansur, tsohon ɗakin ajiye harawa, na shiga da zafata na tarar ashe makarantar sana'a ce wasu masu hali suka buɗe don mutanen unguwa. A nan ba mata, sai na ɗaga kai. Na ga teburan katako, kowanne da ƙarfen da ke damƙe bututu, wanda ake kira malzama. Na ga maza magidanta, wani har da furfura, sun duƙufa suna gumi. Ana ta faɗa a gari cewa bututu na nan zuwa, wata rana ruwa zai hau dutse da kansa. A bazan dariya ake yi wa wannan magana. Ni dai na dubi raƙuman nan da aka kora, na ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Washegari na je na ba da sunana.

Malamin sashen famfo shi ne Mu'allim Yasin, mutumin Sham, ƙato mai tumbi da ya yi aiki a jiragen ruwa. Tun ranar farko ya shimfiɗa mana dokokinsa. Karatu daga la'asar zuwa magariba, shekara biyu. Kayan aiki ba sa fita daga ɗakin. Wanda ya yi fashi sau uku a wata, a ba wani malzamarsa, don akwai mutane a rubuce suna jira. Wannan shi ne abu na farko da nake gaya wa duk mai son shiga irin makarantar nan: ka tambayi lokacinta kafin ka tambayi shahadarta. Ita ba ta san kana da aiki ba, ba ta san kana da iyali ba. Ƙofarta a buɗe take ga kowa, shi ya sa yara ke ɗauka tana da sauƙi. Shiga ce ke da sauƙi, zaman kuwa sai mai niyya.

Aikin farko da aka ba ni shi ne fitar da haƙora a bakin bututu, waɗanda ake murɗa wani bututun a kansu. Na ɗaure shi a malzama, na sa ƙarfen yankan, na tattaro ƙarfin shekara goma na hawan dutse na murɗa. Haƙoran suka ɓare, bututun ya lanƙwashe, aji ya kwashe da dariya. Mu'allim ya ɗauki wani ya nuna mini da yatsu uku: a ɗiga mai, a murɗa rabin zagaye, a ɗan koma baya datti ya fita, a sake. Ya ce ƙarfe ba jaki ba ne da za a dake shi ya tafi. Sai da na lalata guntaye bakwai kafin na fitar da haƙoran da ya yarda da su. Awo ya fi wannan ba ni wahala. Ina karanta Alƙur'ani, ina rubuta wasiƙa da ajami, amma ban taɓa sanin inci yana da rabi da kwata ba. Wani tela Bajawe, wato mutumin tsibirin Jawa, da ke tebur kusa da nawa shi ya zauna da ni da tef ɗinsa har kaina ya ɗauka, ni kuma nake kama masa manyan bututun da ya kasa ɗagawa. A irin wannan makaranta rabin karatunka a wurin na kusa da kai za ka same shi, in ba ka ji kunyar tambaya ba.

Akwai maganar da Mu'allim ke yawan yi mana, har muna kwaikwayonsa in ya juya baya. In aka cika tanki aka ga ya ragu, wani ya ce ai rana ce ta sha, sai ya kaɗa kai.

"Ruwa ba ya ɓata, ya jama'a. In ya ragu, wani wuri ya tafi. Nemo wurin."

Kuskurena shi ne na ɓoye. Ban gaya wa Baba Tanko ba, ban gaya wa ko ɗaya daga cikin abokan sanda ba, don na san yadda za su ɗauke shi: ɗan garuwa ya tafi koyon abin da zai kashe garuwa. Matata Rakiya kaɗai ta sani, ita ma ta ce mini abin da ake ɓoye wa tsohon nan rana ce kawai ba ta zo ba. Dabarar da na yi ita ce, zagayen la'asar sai in yi shi da azahar, lokacin da kowa ke kwance a inuwa, dutse yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. In na gama in watsa ruwa, in sauya riga, in bi ta bayan gidaje in tafi aji. Shekara guda da rabi ina haka ba wanda ya gano, har na fara jin ni mai wayo ne.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwan sama bai sauka a duwatsun da ke ciyar da mu ba, abin da ke shigowa bazan ya koma kamar fitsarin akuya. Da safe a ɗan samu, da azahar ƙasan rijiya sai laka, ba ya sake taruwa sai la'asar. Layi ya yi tsawo, faɗa ya yi yawa, Baba Tanko ya ƙayyade wa kowa zafar da zai ɗiba. Dabarata ta rushe, don zagayen la'asar ya dawo la'asar, daidai lokacin aji. Na roƙi wani ya kai mini wasu gidajen, na ce ciwon baya nake yi. Duk da haka a cikin wata guda na yi fashin makaranta sau biyu. Mu'allim ya kira ni gefe ya ce yana sona, amma doka ba ta san so ba, saura ɗaya.

Gidan da ba wanda ya yarda ya karɓa mini shi ne na Gwaggo Dije. Tsohuwa ce mutuniyar Zariya, idonta ya yi rauni, tana zaune ita kaɗai a gida na ƙarshe a saman dutsen Tandabawi, inda ko akuya sai ta huta sau biyu kafin ta kai. Shekara bakwai ina kai mata zafa biyu kullum, ɗaya da safe ɗaya da la'asar. Garwa huɗu ke nan ga tsohuwa ɗaya. Ban taɓa tambaya ba, don tambaya ba ta cikin sana'armu. Na ɗauka wankau take yi, ko maƙwabta take ba. Ranar nan na tsaya a bazan da sandata, rana ta karkata, na san in na hau dutsen nan na rasa malzamata. Na ce a raina ai zafar safe ta ishi tsohuwa ɗaya ta kwana. Na jingine sanda na tafi aji. Washegari na sake yin haka, da safe kuma in juye ruwa in fita da sauri kafin ta lallaɓo ta yi magana.

A rana ta uku, ranar Asabar da hantsi, muna cikin layi, sai wurin ya yi tsit. Na waiga na ga Gwaggo Dije tana gangarowa da sandarta, tana lalube matakala ɗaya bayan ɗaya. Shekaru ba ta sauko ba sai in an ɗauko ta zuwa Harami. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Ta tsaya gaban Baba Tanko tana haki, ya ba ta wurin zama, ta ƙi.

"Malam Tanko, kwana biyu da taimama nake sallar magariba da isha. A Makka, ga mai kawo mini ruwa da ransa da lafiyarsa."

Nan take aka yi da'ira, aka shimfiɗa buzu, aka karanta Fatiha. Barin tsohuwa marar kowa ba ruwan alwala a shekarar fari ba laifin bulala ba ne, kowa ya san haka. Baba Tanko ya ce in kawo sandata, na kawo na ajiye a gabansa. Ya tambayi Gwaggo ko ba a kai mata na safe ba ne. Ta ce ana kaiwa, amma ai na safe ba ya kai la'asar, tun da can haka yake, hanafiyarta tana shan rabonta. Da azahar za ta buɗe famfo ta ji ya yi rauni, kafin la'asar ya ƙafe.

Maganar nan ta dake ni a ƙirji. Garwa biyu daga safe zuwa la'asar, ga tsohuwar da ba ta wanki sai na zanenta. Na ji muryar Mu'allim a kunnena. Sai na tuna wani abu da nake gani kullum ban taɓa lura ba. Shekara bakwai ina shiga gidan nan ido a ƙasa, saboda haka ban san kalar rufinsa ba, amma abin da ke ƙasa na san shi kamar tafin hannuna. A bayan katangarta, daidai inda hanafiya take daga ciki, akwai wata ɗoɗɗoya da ta fito a tsagar dutse, kore shar, a shekarar da ko ƙaya ta bushe. Gwaggo tana alfahari da ita, tana ce wa mutane albarka ce, don ba ta taɓa ba ta ruwa ba.

Wanda ke kan buzu ba ya magana sai an ba shi izini. Na nemi izini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na faɗi komai: makarantar, shekara guda da rabin da na yi ina zuwa, ƙaryar ciwon baya. Da'ira ta rikice. Wani ya ce munafuki ne ni, wani ya ce ina cin tuwon garuwa ina haƙa mata kabari. Baba Tanko ya ɗaga hannu aka yi shiru. Na ce laifin barin Gwaggo nawa ne, ban musa ba, amma hanafiyarta yoyo take yi, kuma in an ba ni izini in ɗaga kai a cikin gidanta in sa hannu, zan toshe. Tsohon ya ce sanda tana wurinsa, ba zan ɗebi ko moɗa ba. In je in yi abin da na ce na iya. In an gama za a zuba mata zafa biyu na yini guda, ba ƙari, ranar Juma'a da hantsi a dawo da'ira. In ruwan bai kwana biyu ba, laifina ya zama biyu, in nemi wani gari.

Daga nan makaranta na nufa, na sami Mu'allim na kwashe labari na gaya masa, na roƙi aron kaya. Ya ce na san doka, kaya ba sa fita. Na juya zan tafi, sai ya ce ai bai gama ba. Kaya ba sa fita su kaɗai, amma shi yana da ikon ya fita da su. Wannan ma darasi ne ga mai shiga makaranta: da na gaya masa halin da nake ciki tun wata guda da ya wuce, da ba a kai nan ba. Malaman irin wuraren nan sun saba da magidanta masu nauyi a ka, ɓoye musu ne ke sa su kasa taimakonka. Washegari da sassafe muka hau dutsen, ni da akwatin kaya a ka, shi yana biye yana haki yana tsayawa. A hutu na huɗu ya tambaye ni ko da gaske sau biyu nake hawa nan kullum da garwa biyu. Na ce e, muka ci gaba da hawa har muka kai.

Baba Tanko ya riga mu isa, yana zaune a ƙofa a matsayin shaida. Mu'allim ya sami dutse ya zauna, ya harɗe hannu, ya ce shi kallo ya zo yi. Na shiga, na ɗaga kai a gidan nan karo na farko, na ga ashe ɗan tsakar gida ne fes da igiyar shanya da tabarma ɗaya. Na kwashe ragowar ruwan hanafiya na zuba a randa, na goge cikinta da tsumma, na kunna fitila na zura kaina. Na bi bangon ina ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa kamar yadda aka koya mana, ina sauraro. Ko'ina ƙarar dutse, sai a kusurwar baya ta ƙasa na ji ta yi kamar ganga. Na ɗauko babbar guduma, Mu'allim ya yi tari daga waje, na ajiye na ɗauki ƙarama da kurfi. Na ɓamɓare shafen a hankali. A bayansa ga tsohon bututun dalma da masu gidan na da suka ja zuwa wani wurin wanki da aka daɗe da rushewa. An toshe bakinsa da guntun itace da tsumma, itacen ya ruɓe ya koma gari. Ta nan ruwan ke bi ya ratsa katanga ya shiga tsagar dutse.

Na yanke ruɓaɓɓen bakin da zarto, na kankare dalmar har ta yi haske, na matse bakin ya haɗu, na narka kuza na liƙe shi. Na bar shi ya huce, na shafa yatsa ban ji rami ba. Sannan na kwaɓa siminti da yashi mai laushi na cike wurin, na shafe da bayan cokali. Famfon tagullar ma yana ɗiga, na kwance shi na tarar fatar cikinsa ta cinye. Ba mu zo da wata ba. Na laluba aljihu na ji 'yar fatar kafaɗata, wadda nake ɗora wa sanda, don sanda kawai aka karɓe. Na auna, na yanko da'ira daga jikinta, na huda tsakiya, na sa, na ɗaure famfon da zaren rama a haƙoransa. Mu'allim ya taso ya zura kai ya duba, ya murɗa famfon sau biyu, ya ce "Ɗayyib," ya koma ya zauna. A wurinsa wannan kalma ɗaya yabo ne na shekara.

Aka bar simintin ya sha iska, Gwaggo tana amfani da na randa. Ranar Litinin da safe Baba Tanko ya sa aka zuba zafa biyu a gabansa, ya hana kowa ƙara ko ɗigo. Kwanakin nan ina zuwa aji a kan lokaci, don ba ni da wani aikin, amma hankalina yana kan dutse. Siminti kan tsage, kuza kan saki, duk na sani.

Ranar Juma'a da hantsi aka yi da'ira. Mutane sun fi na ranar Asabar yawa, har daga wasu bazan an zo kallon ɗan garuwar da ya yi karatu. Na zauna a kan buzu, sandata tana gaban Baba Tanko. Muka jira har rana ta ɗaga. Can sai ga Gwaggo tana gangarowa a hankali, hannunta ɗaya a cikin mayafi. Baba Tanko ya tambaye ta labarin ruwa. Ta ce da shi ta yi alwalar asubahin yau, kuma har yanzu in ta ƙwanƙwasa hanafiyar tana amsawa da nauyi. Kwana huɗu ke nan a kan ruwan yini ɗaya. Da'ira ta ɗauki guna-guni. Amma tsohon ya ce wannan ya wanke ni daga ƙarya ne kawai, laifin taimama yana nan, kuma ba shi ke da ikon yafe shi ba.

Gwaggo ta fito da hannunta ta jefa wani abu a tsakiya. Reshen ɗoɗɗoya ne, ganyensa ya yi yaushi ya langaɓe. Wani daga cikin masu jin haushina ya ce ai wannan ba ɗanye ba ne, doka ɗanyen ganye ta ce. Ta juya inda muryar ta fito.

"Kai yaro, yaushin nan shi ne shaidar. Shekara bakwai tana shan gumin ɗan nan ina cewa albarka ce. Yau kwananta biyar da ƙishirwa."

Baba Tanko ya ɗauki reshen ya murza ya shinshina, ya ce ƙanshinsa ɗanye ne, hukunci ya faɗi. Ya miƙo mini sandata da hannu biyu. Na yi farin cikin da ban yi irinsa ba ko ranar da aka ba ni shahada. Kafin a watse ya yi sabuwar doka: daga ranar nan layina na la'asar an mayar da shi na farko, in ɗiba in kai in tafi karatu. Ya ce kuma kowa ya tuna gidan da ke shan ruwa fiye da mutanen cikinsa, ya zo ya faɗa masa a asirce, shi zai nemi izinin masu gida in je in duba. A shekarar farin nan na toshe hanafiyoyi da yawa, ruwan da muka tsirar ya rage mana layi. Mutumin da ya ce mini munafuki, da aka buɗe ɗaukar sababbi, shi ya fara tambayata inda ake ba da suna.

Na gama shekara biyuna na karɓi shahada. Da bututu ya fara shiga unguwanni, ba a nemo wani daga nesa ba, don ni na san wane gida ya fi wane tudu, ƙafata ta auna su shekara da shekaru. Na ja layukan ruwa a Arfa lokacin aikin hajji, na buɗe shagon nan, na aurar da 'ya'ya a cikin sana'ar. Shi ya sa na ce wa Hamza ya je ya shiga, makaranta ce ta gaske. Amma kafin ya ba da suna ya je ya zauna da mai shagon da yake wa aiki ya gaya masa lokacin aji, kuma abin da ya sani daga shago kada ya bar shi a ƙofa, ya shiga da shi.

Ban ajiye sanda nan da nan ba. Gidan Gwaggo Dije na riƙe shi har ta rasu, zafa ɗaya duk bayan kwana biyu. Laifin ruwan ta yafe mini, amma na ɗoɗɗoyar ba ta yafe ba. Ranar da na fara komawa, na juye ruwa zan fita, sai ta tare ƙofa ta miƙo mini moɗa, ta ce in cika in zagaya bayan katanga. Na zagaya na tarar da ɗoɗɗoyar ta kwanta a kan dutse, saura 'yan ganye a gindi.

"Zuba mata, Isa. Da ba ka sani ba kake shayar da ita. Yanzu shayar da ita da saninka."

Na tsuguna na zuba. Kafin sati biyu ta miƙe.